Randar da Goggo ta Kafa a Bakin Salgar Kasuwa

Gara in faɗa tun daga farko cewa mafi yawan abin da ke cikin wannan rubutu ban gan shi da idona ba. A zamanin Turawa ya faru, ba a ma haife ni ba. Na tsince shi ne a bakin dattawa a kwanakin zaman makoki, su kansu kuma ba su haɗu a kan komai ba. Wannan ya ce tsakiyar damina ne, wancan ya ce gero ya fara fitar da kai. Ɗan abin da na gani da kaina ma ba zan rantse cewa haka kalmomin suka fito ba. Na rubuta ne don ina tsoron idan muka yi shiru, abin da zai rage na Goggo a bakin mutane shi ne dariyar da aka daɗe ana yi mata.

Goggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu a Yashe muke, wajen Kusada, ita kuwa aure ya kai ta Kankia, kuma a can ta rasu, a gidan mijinta da ya riga ta tafiya tun tana da sauran ƙuruciya. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya kyautata namu zuwan.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, aka fito da tuwo. Kamar yadda aka saba, aka ajiye tasa guda ta ruwan wanke hannu a gaban liman. Shi zai fara tsoma hannu, sannan ta zagaya daga babba zuwa ƙarami, har ta kai ga na ƙarshe ruwan ya koma kamar wanda aka wanke surfe. Liman ya naɗe hannun riga kenan sai mahaifina, wanda shi ake yi wa ta'aziyya, ya miƙe, ya ɗauke tasar daga gabansa, ya watsar da ruwan a gindin bishiyar bedi.

Liman ya ce, “Malam, lafiya?”

Mahaifina ya ce, “Lafiya lau, Allah gafarta malam. Ɗan jira ni.”

Ya shiga cikin gida ya fito da buta da wani babban tsingaro cike da toka. Ya durƙusa gaban liman ya ce ya miƙo hannu. Haka ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, tsoho mai furfura yana zuba wa 'ya'yan cikinsa ruwa. Wasu suka ce ya bari su karɓa, ya ƙi. Na ji wani kawuna ya sunkuya wajen na kusa da shi ya ce, “To, abin ya koma kan ƙanen.” Daga cikin gida wata mata ta yi dariya, ta yi maza ta toshe baki. Abokan aikina da suka zo daga Katsina suka dubi juna, suka dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar mai neman abu a tabarma.

Mutum ɗaya ne bai yi mamaki ba. Wani tsoho ne da idonsa ya kusa tafiya, ɗan kawun su Goggo, wato taubashinsu ita da mahaifina. A zamanin En'e shi ne duba-gari na kasuwar Kankia, mai leƙa gidaje da mahauta da rijiyoyi don tsabta, har yau kuma Baba Duba-gari ake ce masa. Tun kafin a zo kansa ya miƙa hannuwansa biyu, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, “Zuba, Auta, zuba. Haka take yi.” Auta shi ne sunan da shi da Goggo suke kiran mahaifina da shi.

Mu da muka taso bayan komai ya wuce, abu biyu muka san Goggo da su. Na farko toka. Tsingaron nan kullum yana bakin ƙofar ɗakinta, buta na gefensa. Ko gaisuwa ka zo, idan ta ga ka fito daga bayan gida, sai ta kira ka. “Taho nan. Miƙo. A'a, kada ka taɓa butar, ni zan zuba. Cuɗa. Bayan hannun fa, na wani ne? Tsakanin yatsu.” Idan ka yi sauri sai ta ce, “Tuwon ba gudu zai yi ba.”

Na biyu, ba ta taɓa ba mu abinci da hannunta ba. Duk wata goggo a duniya idan 'ya'yan ƙanenta sun zo sai ta ɗora tukunya. Ita sai ta aika gidan maƙwabta a dafa a kawo, ta koma gefe tana kallonmu. Gyaɗa ma a kwando take ajiyewa ta ce mu ɗiba. Muka sa mata suna Goggo mai toka, a bayan idonta kuma muna cewa marowaciya. Idan muka tambayi mahaifiyarmu, sai ta rage murya ta ce, “Ku bar ta. Iska ce ta taɓa ta a bakin salga tun zamanin Turawa.” Haka duk dangi suka ɗauka, haka ni ma na ɗauka tsawon shekaru. Da na yi karatu sai na sauya wa abin suna, na ce waswasi ne, ban kuma taɓa tambayar inda ya samo asali ba.

Washegarin sadakar uku na je zauren Baba Duba-gari. Abin da ke biye nasa ne, na ɗan cike da abin da wasu tsofaffin mata biyu suka gaya mini.

Ya ce wani Bature ne ya zo rangadi, ya zagaya bayan kasuwa, ya ga yadda mutane ke tsugunawa cikin sabara ƙudaje na tashi suna komawa rumfar mahauta. Bayan ya tafi En'e ta sa aka haƙa salga, aka kewaye da zana, ɓangaren maza daban na mata daban. Aka gama, mutane suka ƙi shiga. Wasu tsoron aljanu suke, don kowa ya san irin wuraren da suke zama. Amma babban dalili shi ne babu ruwa. Rijiya na da nisa, kuma ba kowa ke tafe kasuwa da buta ba.

A lokacin Goggo ta fita takaba ba da daɗewa ba, tana sayar da fura a wata rumfa da ba ta da nisa da wurin. Sai ta sayi randa, ta kafa ta a inuwar tsamiya a bakin salgar, ta ajiye moɗa guda a kai, ta ce sadaka ce, Allah ya kai ladan ga mijinta. Duk ranar kasuwa da kanta take cika ta da tulu. Mutane suka fara shiga salga. Sarkin kasuwa ya sa mata albarka a gaban jama'a, har limamin unguwarsu ya yi misali da ita.

Moɗar nan guda ce. Mai shiga zai ɗiba da ita, mai fitowa zai ɗiba da ita. Idan ruwa ya ja baya sai an zura hannu har wuya. Idan ta suɓuce ta faɗa ciki sai a lalubo ta. Mutanen Sukuntuni da Fakuwa da suka sha tafiya a rana, su ma da ita suke sha. Goggo kanta, idan ruwan damunta ya ƙare, nan take ɗiba. Ai ruwanta ne, ita ta ɗebo shi da safe, ta san tsabtarsa.

Baba Duba-gari ya ce ya ga abin tun makon farko, ya je rumfarta.

Ya ce mata, “Baiwata, wagga randa taki kashe mutane za ta yi.”

Ta ɗaga murya ta ce, “Sarkin ƙuda ya iso! Ku rufe ƙore, jama'a, kada ya sauka cikin furata.”

“Da gaske nike. An nuna mana a madubin Bature. Wasu 'yan halittu ne, ido bai ganinsu, suna bin hannu daga salga su shiga ruwa.”

“Ido bai ganinsu, kuma a salga suke zaune? To ai aljanu kenan. Sai da Bature ya gaya maka ka sani? Kakarmu ta riga shi, kuma ba ta sa gajeren wando ba.”

Masu shan fura suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya. Ta cika ludayi ta miƙa masa ta ce ya sha don bakinsa ya huta.

Da ya zo nan sai tsohon ya shafa gwiwarsa. Ya ce, “Na sha, ɗana. Na karɓa na sha a gaban kowa. To mi kake so ta ɗauka?”

Wanda ya san wasan taubasai zai gane inda aka samu kuskure. Tun suna yara babu maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wasa ba. Ya sha gaya mata zai kama akuyarta, zai sa a ɗaure ta, zai rufe rumfarta. Ita ma ta sha gaya masa ta ga sunansa cikin waɗanda za a kora. Babu wanda ya taɓa ɗaukar ko ɗaya da gaske, haka kuma ya kamata. Ya koma ya sake faɗa mata, kowane zuwa kuma da dariya ake rabuwa. Yana da ikon ɗauke randar, amma ya ce ya ji nauyin a ce duba-gari ya hana sadakar matar da mijinta bai daɗe a kabari ba. Ya ce da ya aiki wani, ko da ya hau keke ya je Yashe ya gaya wa mahaifina, da wataƙila an ji. Bai yi tunanin haka ba sai daga baya.

Akwai yarinya a hannun Goggo. Na taso ina jin cewa an yi wata kafin babban yayanmu, ba ta zauna ba, iyakar abin da na sani kenan. Ashe 'yar farin mahaifina ce. Kamar yadda ake yi, iyaye ba sa nuna sun san ɗan fari. Ba su faɗin sunansa, ba su yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi kuma sai a ba wani a dangi. Goggo ba ta da ɗa mai rai, sai mahaifina ya kai mata ita. Tsofaffin matan sun ce yarinyar ta fara wayo, tana bin Goggo kasuwa, tana zama a kan zaninta, ba ta cin komai sai abin da ya fito daga ludayinta.

Da ruwa ya zauna, atuni, zawon nan mai jini, ya shigo gari. Ban san yawan waɗanda ya kwantar ba, ban kuma sami wanda ya sani ba, amma kowa ya tuna cewa gidajen da ke zuwa kasuwa sun fi jin jiki. Yarinyar ta kamu. Goggo ta ba ta jiƙo, ta goya ta zuwa ɗakin shan magani, ta dawo da ita. Bayan 'yan kwanaki ta cika a cinyarta.

Aka aika Yashe. Mahaifina ya zo, ya tsaya a sahu kamar ɗiyar maƙwabci aka rasa. Mutane suka yi wa Goggo gaisuwa, shi ma ya durƙusa ya yi mata, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Bai yi kuka ba, bai tambayi yadda aka yi ba. A ranar ya koma gida. Wanda ya san al'ada ba zai ga laifinsa ba, don da ya yi wani abu daban da an ce ba shi da kunya.

Kasuwar da ta biyo baya Goggo ta fito ta cika randarta, don a ganinta yanzu ladan na mutum biyu ne. Sai ga taubashinta da taɓarya a hannu. Bai ce baiwata ba. Ya kira ta da sunanta na yanka, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga taɓarya ya fasa randar, ruwa ya malala har bakin zana. Ya ce, “Na gaya miki. Na gaya miki ruwan ga ne.” A gaban kasuwa ya faɗa.

An ce tsayawa kawai ta yi. Ta dube shi tana jiran ya yi dariya, bai yi ba. Sai ta durƙusa ta tsince tsingaron, ta zubar da ƙananan, ta ɗauki babban ta tafi gida. Ƙoren furarta ma wata maƙwabciya ce ta kai mata.

Daga ranar ba ta sake dama fura ba, ba ta sake miƙa wa ɗan kowa abinci ba. Tsakaninta da taubashinta kuma wasa ya ƙare. Suna gaisawa da ladabi, ina kwana, ina gajiya, kamar surukai. Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Amma ta koma bakin salgar. Ranar kasuwa sai ta zauna a gindin tsamiyar da tulu a rufe, da buta, da toka a tsingaron randar. Duk wanda ya fito sai ta ce ya miƙo hannu, ita ke zubawa, ba mai taɓa mata kaya. Wasu maza suna jin kunya su zagaye ta bayan zana, ta bi su da murya, “Malam, da hannun ga za ka gaisa da mutane?” Wani mahauci ya taɓa ce mata ta bar aikin mahaukata, ta ce idan ya wanke za ta bari na yau. An ce ya wanke. Wata tsohuwa daga Fakuwa ta gaya mini a wurin makoki cewa Goggo ta taɓa ganinta da jariri yana zawo, ta karɓe shi ta wanke shi da kanta, ta wanke zanin, sannan ta zaunar da ita ta cuɗa mata hannu da toka kamar ƙaramar yarinya. Ta ce, “Na ji haushi ranar. Yau ga shi can da jikoki.”

Labari ya kai Yashe cewa ɗiyar gidan mutunci tana wuni a bakin masai. Dangi suka taru suka yanke cewa aljanun wurin ne suka kama ta, tun da dama can ta daɗe tana zama kusa da su. Aka kai ta wurin wani malami a Kusada. Ba ta yi gardama ba. Aka yi mata hayaƙi, ta zauna. Malamin ya wanke allo ya miƙo mata rubutu a ƙoƙo, sai ta ce, “Allah gafarta malam, da ka zagaya ɗazu, da mi ka wanke hannu?” Waɗanda suka kai ta suka rasa inda za su sa kansu. Malamin, an ce, mutum ne mai haƙuri. Ya tashi ya wanke, ya sake rubutawa, ta sha. Ta dawo gida ta ci gaba da abinta.

Rigimar da aka fi tunawa ranar sunana aka yi ta. Dangin mahaifiyata sun cika gida, an kawo ƙwaryar wanke hannu an ajiye gaban kakata ta wajen uwa. Goggo ta taso ta ɗauke ta zubar. Kakata ta ce, “Ƙazamai kika ɗauke mu? Mu da muka ba ku ɗiya?” Goggo ta ce, “Ni ce ƙazamar, Inna. Miƙo hannu.” Kakata ba ta miƙa ba, ba ta kuma ci tuwon sunan ba. Daga nan aka riƙa ɓoye wa Goggo ranar biki, ko a gaya mata bayan an watse. Da aka haifi ƙanwata, manya suka ce a ba ta riƙo ko hankalinta zai dawo. Ta ce a'a, a bar yarinya inda za ta rayu.

Duk wannan mahaifina bai ce komai ba. Kowace kaka yana kai mata gero, kowace salla yana zuwa gaisuwa. Su zauna a tabarma ɗaya su yi maganar ruwa da gona da wanda ya mutu. Ba ta taɓa kawo masa ko ruwan sha ba, sai ta kira yaran maƙwabta. Shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ita tana tsoron ta miƙa ya ƙi karɓa. Shi kuma, kamar yadda na fahimta daga baya, yana ganin idan ya buɗe baki dole maganar ta kai ga yarinyar, kuma wannan suna ba ya fita daga bakin uba. Ta ɗauki shirunsa hukunci. Abin da ta yi ta jira tun daga ranar da aka fasa randa shi ne ta ji daga bakin ƙanenta cewa bai riƙe ta ba.

Baba Duba-gari ya ce sau ɗaya ta faɗa masa, da ciwon ajalinta ya fara, ya je duba ta. Ta ce, “Auta bai yafe mini ba. Da ya yafe da ya ce wani abu.” Ya ce ya koma gida yana juya maganar, ya ga abin da ya faru a rumfar fura na neman sake faruwa, kowa ya san gaskiya kuma babu mai faɗinta ta yadda za a ji. Sai ya sa jikansa ya kai shi Yashe. Mahaifina ya tarbe shi da wasa kamar kullum, ya ce makaho ya ɓata hanya. Tsohon ya ce, “Auta, yau ba taubashinka ne ya zo ba. Zauna.” Ya gaya masa abin da Goggo ta ce.

Wannan na ƙarshe ni na gani. Ina gida hutu, mahaifina ya ce in kai shi Kankia a mota. Ya shigo da ƙwarya a rufe da faifai, da gorar nono, muka kama hanya. Hantsi ne. Mun sami Goggo a kishingiɗe a inuwar ɗakinta, ta rame ƙwarai. Suka gaisa. Sai ya buɗe ƙwaryar, ga dawo a ciki, ya tura gabanta.

Ya ce, “Yaya, ƙishi nike ji. Dama mini fura.”

Ta ce, “Ga yarinyar maƙwabta can, a kira ta.”

“Hannunki nike so.”

Ta dubi hannuwanta, ta ɓoye su cikin zani. Ta ce, “Auta, ka san hannun ga.”

Ya ce, “Na san shi. Shi ya goye ni.”

Ya jawo tsingaron da butar, ya durƙusa. Ta daɗe kafin ta miƙo. Ya zuba, ta cuɗa, ciki da baya da tsakanin yatsu. Na ɗaga ta ta zauna sosai. Ta kama ludayi ta fara damu a hankali, ƙarfinta bai kai ta murƙushe dawon duka ba. Ya ɗauka ya sha, ya sake sha.

Sai ya ce, idonsa na cikin ƙwaryar, “Haka kike dama ma waccan?”

Goggo ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, “Ita ta fi son a bar mata gaya.”

Ya ce, “To ni ta biyo.”

A lokacin ban san wace ce waccan ba. Na dai ga Goggo ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta na motsi. Mahaifina ya ce, “Ni na kawo miki ita, Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa kwana da ke a zuciya ba, Yaya, ko sau ɗaya.” Ta ce da ya faɗa. Ya ce da ta tambaya. Ya ci gaba da sha.

Da ta share ido sai ta ga ni a tsaye. Ta cika ludayin ta miƙo mini da hannunta. Ta ce, “Kai ɗan boko, karɓa. Ko kana tsoron 'yan halittun?” Na karɓa na sha. Ba ta kai wata kasuwar ba.

Ni ba likita ba ne, abin da na karanta daban ne, don haka ba zan ce tabbas randar ce ta kashe yarinyar ba. Damina ce, ƙudaje sun yi yawa, rijiyoyi sun cika da ruwan kwata, atuni na iya shigowa ta hanya da dama. Abin da na sani, wanda yau ake koya wa yaran firamare, shi ne hannun da ya fito daga bayan gida yana ɗauke da cuta, kuma ruwan da kowa ke tsoma hannu a ciki yana raba ta ne. Goggo ta gane haka a rana ɗaya, ta riƙe shi har ta mutu. Mu danginta kuwa muka ce iska ce, muka ɓoye mata ranakun biki. Har gobe idan na shiga bayan gida na tasha ko na kasuwa buta guda nake gani a ƙasa, kowa na ɗauka yana ajiyewa, in na fito kuma a miƙo mini hannu in karɓa. Ranar sadakar uku ma, da mahaifina ya durƙusa da tsingaron, kunyarsa na ji a gaban baƙi, alhali da idona na ga ranar da ya fara riƙe butar nan. Da ya zo kaina na miƙa hannu ban iya kallon fuskarsa ba.

Tsingaron yanzu yana Yashe, a bakin zauren mahaifina.

Ina roƙon duk wanda ya ci kasuwar Kankia a wancan zamani, ko ya ji daga wanda ya ci, idan ya ga na ƙara ko na rage, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ya aiko mini a gyara. Musamman mutanen Sukuntuni da Fakuwa, na san akwai waɗanda ta zuba wa ruwa da ban same su ba. Akwai kuma abu ɗaya da na nema ban samu ba. Baba Duba-gari ya ce a kasuwa ɗiyar mai fura kawai ake ce mata, sunan ya ɓace masa. Mahaifiyata ta juya mini baya da na tambaya. Mahaifina ya yi iyakar abin da bakinsa zai iya a gaban ƙwaryar nan, ba zan nemi ƙari a wurinsa ba. Wadda ke kiran sunan safe da yamma ta tafi. Idan akwai wanda ya tuna sunan yayarmu, don Allah ya gaya mini, ina so in sa shi a addu'a tare da na Goggo.